Linzami da Ƙaimi

Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mini uzuri, domin abin da na kawo wa wannan mujalla tamu a bana bai shafi nahawu ko waƙa ko tarihin adabi kai tsaye ba, kamar yadda aka saba gani a shafukanta. Labari ne na wata wauta da na tafka, wadda ta kusa raba ni da amfanin hannuna na dama a daidai lokacin da na fi bukatarsa. Na daɗe ina jin nauyin ba da shi, saboda na san akwai waɗanda za su ce bai kamata a sami ɗalibin jami'a mai gemu a haɓarsa cikin sha'anin wasan yara ba. To, amma da na tuna cewa kalmar Hausa guda ɗaya ce ta ƙarasa warware mini matsalar, sai na ga ashe labarin yana da gurbi a nan, ko da a gefen tabarma ne.

Abin da zan yi magana a kansa shi ne 'yar na'urar nan da ake dafawa da tafin hannu, ana zamar da ita bisa tebur domin a sarrafa kibiyar da ke fuskar kwamfuta. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙago ta, abokin aikinsa Bill English ya ƙera ta farko da katako a wajajen 1964, aka kuma nuna ta a bainar jama'a a birnin San Faransisko ranar 9 ga Disamba, 1968. Su masu ƙirar sun sa mata sunan ɓera, saboda wayar da ta fito daga jikinta ta yi kama da wutsiya. Yawancinmu mun ari sunan nan yadda yake, muna cewa maus. Amma masu fassara kalmomin kwamfuta zuwa Hausa sun bar siffa sun dubi aiki, suka kira ta linzamin kwamfuta. Na daɗe ina ganin wannan suna a rubuce, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalilin zaɓensa ba, alhali kuwa irin wannan nazari ne iyayena suka turo ni in yi.

A shekarar 2022, lokacin da yawancin jami'o'in gwamnati suka kasance a rufe tun daga tsakiyar Fabrairu har zuwa tsakiyar Oktoba, na koma gida Kano na zauna tare da yayana a shagonsa na buga takardu. Da rana nakan taya shi buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Da dare kuwa, idan ya tashi ya bar mini makulli, kwamfuta takan zama tawa har sai man injin wuta ya ƙare. Wani yaron maƙwabtanmu, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, shi ya fara nuna mini wasan da ake kira Minecraft. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ya fara fitar da shi a 2009, aka kammala shi a 2011, sannan kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin da ke yin sa a 2014 a kan dala biliyan 2.5. A cikinsa mutum yana haƙa ƙasa, ya sari itace, ya yi gini da tubali, kamar dai yadda muke gina ɗakunan laka a bakin kududdufi muna yara.

Gini bai daɗe da riƙe hankalina ba. Abin da ya kama ni shi ne fagen karawa, inda mutum biyu ko ƙungiya biyu daga ko'ina a duniya suke haɗuwa ta intanet su gwabza da takobi. A tsarin wasan na da, duk dannawa ɗaya da aka yi wa linzami sara ɗaya ce. A watan Fabrairu na 2016 masu wasan suka sauya wannan doka, suka sa dole mai takobi ya ɗan saurara tsakanin sara da sara kafin saran ya yi ƙarfi. Amma da yawa daga cikin masu son karawa suka ƙi bin sabon tsari, suka tsaya a kan tsohon, kuma manyan dandali irin su Hypixel suka ci gaba da ba su fage. Nan ne na faɗa. Sati uku na yi ana kayar da ni dare da dare, har yaron nan da ya koya mini yakan tsaya a bayana yana ƙunshe dariya.

Da na gaji da shan kashi na shiga bincike, sai na tarar da cewa masu wannan wasa suna da ma'auninsu na gwaninta, wato yawan dannawar da yatsa zai iya yi cikin sakan guda. Akwai shafukan intanet da aka tanada domin wannan awo kawai. Akan nuna maka wani fili, da zarar ka yi dannawar farko agogo ya fara tafiya, bayan sakan 10 ya tsaya, a raba jimillar dannawarka gida goma a ba ka sakamako. Wanda ya fi suna a cikinsu ana kiransa gwajin Kohi, sunan wani tsohon dandalin karawa ne ya gada. Na gwada a daren farko na sami 63, wato 6.3 a sakan. Na kira yaron ya gwada, ya sami 7 da ɗan wani abu. Nan take na yanke hukunci cewa wannan ratar ita ce sirrin kayen da nake sha. Na sami wani littafin rubutu da na saya domin darasin tsarin sauti, na juya bayansa, na ja layuka, na rubuta kwanan wata da lamba 6.3.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan ɗabi'a ta auna saurin yatsa sabuwa ce. Tun 1983 kamfanin Konami na Japan ya fitar da wasan guje-guje da tsalle-tsalle wanda gudun ɗan wasa a cikinsa ya dogara ga saurin buga maɓalli. A tsakiyar shekarun 1980 kuma wani ma'aikacin kamfanin Hudson Soft mai suna Toshiyuki Takahashi ya yi suna a duk faɗin Japan saboda yana iya danna maɓalli sau 16 a sakan, har yara suka riƙa kiransa Meijin, wato gwani. A 1987 kamfanin ya fitar da wata 'yar na'ura mai kama da agogo wadda babban aikinta shi ne ƙirga dannawar yaro cikin sakan 10. Haka kuma akwai wasannin da sauri yake da cikakken amfani a cikinsu. A tsohon wasan Tetris na 1989, idan aka yi nisa tubalan sukan faɗo da saurin da ba a iya kai su gefe sai da dannawa mai yawa. A 2020 wani ɗan wasa, Christopher Martinez, ya fito da dabarar kaɗa bayan na'urar da yatsu bi da bi yadda maɓallin zai riƙa bugun yatsan da ke samansa, kuma da wannan dabara ce Willis Gibson, yaro ɗan shekara 13, ya kai wasan inda ya cije ya tsaya a Disambar 2023, a mataki na 157. Labarin Takahashi na sani a lokacin, kuma lambarsa ta 16 na ɗauka ta zama mini alƙibla.

Hanyoyi uku na tarar masu wasa suna bi domin wuce iyakar dannawa ta yau da kullum. Ta farko zan kira ta dannawar karkarwa. Mutum yakan ɗaure naman damtsensa da na gaban hannunsa tamau har hannun ya kama ɓari kamar na mai zazzaɓi, sannan ya bar ɓarin nan ya sauka ta ɗan'alinsa zuwa kan maɓalli. Ta biyu sun sa mata sunan malam-buɗe-littafi, domin yatsu biyu ne, ɗan'ali da na tsakiya, suke sauka a kan maɓalli guda bi da bi kamar fukafukai. Ta uku kuwa gurzawa ce: a jawo yatsa a kan maɓallin a hankali yadda fata za ta riƙa kamawa tana saki, maɓallin ya yi ta rawa, kamar yadda yatsa mai danshi ke yin ƙara idan an goga shi a jikin gilashi.

Hanyoyi biyu na ƙarshe sun dogara ne ga wani abu da ke cikin ƙirar linzamin kansa. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan siririn ƙarfe wanda yake taɓa wani ƙarfen idan an danna. Shi wannan ƙarfe ba ya zama nan take, sai ya yi 'yan tsalle-tsalle na wasu milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Domin kada kwamfuta ta ɗauki tsallen nan a matsayin dannawa da yawa, maƙera sukan sa linzami ya toshe kunnensa na ɗan lokaci bayan kowace dannawa. Idan aka rage wannan lokaci sosai, sai dannawa ɗaya ta shiga a matsayin biyu. Ke nan wani kaso na manyan lambobin da ake taƙama da su daga ƙarfe yake fitowa, yatsa bai san hawa ba bai san sauka ba. Linzamin shagon yayana na talakawa ne, ba ya yarda da wannan. Na yi niyyar sayen mai tsada, na ga kuɗinsa ya fi abin da nake samu a wata, sai na haƙura na rungumi dannawar karkarwa, wadda ba ta bukatar kome sai jikin mai ita.

Kowane dare kafin in shiga fage nakan yi awo sau ashirin ko fiye, in rubuta mafi girma a littafi. A watan Mayu na kai 9. A Yuli na wuce 11. Ranar da na ga 13.4 a fuskar kwamfuta, a cikin watan Agusta, na tashi tsaye ni kaɗai a shago ina murna kamar an yi mini bushara da kujerar Makka. Wani abin mamaki shi ne, a fagen karawa ba abin da ya sauya sai ƙaruwar kaye. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya tsaya ya duba: hannun da ke ɓari shi ne dai hannun da ke saita kibiya. Duk lokacin da na ɗaure damtse, sai kibiyar ta kama rawa, in yi ta saran iska a hagu da dama, abokin karawa kuwa ya zagayo ya dafa mini takobi a natse. Yaron maƙwabtanmu yana nan a kan 7 ɗinsa, kuma cikin karawa goma yakan ci ni takwas. Maimakon in fahimci abin da wannan ke nunawa, sai na ce ai don ban kai 16 ba ne.

Jiki magayi. Tun cikin Yuli na fara jin wani ɗan zafi a gaban hannuna idan na tashi da safe, in yarfe shi in ci gaba da harkata. Daga nan zafin ya sauko wuyan hannu. Sai ya zamana idan na ɗauki buta domin alwala sai na tallafa da hagu. A ƙarshen Satumba na fara farkawa cikin dare in ji babban yatsana da ɗan'ali da na tsakiya sun yi dundum kamar ba nawa ba. Ban gaya wa kowa ba, saboda ban san da wane baki zan ce wasa ne ya yi mini haka ba. Ana cikin wannan hali aka ba da sanarwar komawa makaranta, aka kuma ce jarrabawar zangon da aka katse tana nan tafe ba da daɗewa ba. A daren da na ɗauki alƙalami domin in fara bita, ban cika shafi guda ba sai da na ajiye shi, hawaye na neman zubo mini, rabi don zafi rabi don tsoro.

Yayana ne ya lura, ya sa ni gaba zuwa asibiti. Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya lanƙwasa wuyan hannun, ya ɗan ƙwanƙwasa tsakiyarsa, na ji kamar an ja mini wutar lantarki zuwa yatsu. Ya dube ni ya ce, "Samari, wane irin aiki kake yi da hannun nan?" Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya, yayana na tsaye yana ji. Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauki takarda ya zana mini yadda naman da ke lanƙwasa yatsu yake can a gaban hannu, da yadda jijiyoyi tara masu jan yatsun suke ratsawa ta wata 'yar ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu tare da jijiyar da ke kai ji ga waɗannan yatsu uku. Ya ce idan aka matsa wa jijiyoyin jan da aiki iri ɗaya ba hutu, rigarsu takan kumbura, kumburin kuma ya danne jijiyar ji. Ya ba ni magani da abin ɗaure wuyan hannu, ya ce in yi sallama da linzami na tsawon makonni, ya ƙara da cewa na yi sa'a da na zo tun abin bai kai ga fiɗa ba.

Haka na shiga jarrabawa da ɗaurarren hannu. Ina rubutu ina tsayawa, ina kallon abokaina suna neman ƙarin takarda. A darasin da na fi so, wato nazarin rubutacciyar waƙa, na san amsar tambaya ta ƙarshe sarai, amma lokaci ya cika ban ko taɓa ta ba. Sakamakon wannan zango har yanzu yana jan jimillar makina ƙasa. Daga baya na sami labarin cewa ko manyan 'yan wasa da ake biya albashi ba su tsira daga irin wannan ba. Jian Zihao na ƙasar Sin, wanda aka fi sani da Uzi, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan League of Legends, ya ba da sanarwar ajiye wasa a Yunin 2020 yana ɗan shekara 23, saboda ciwon suga da ciwon hannu, ko da yake ya sake gwada dawowa daga baya. Shi aƙalla ya sami suna da dukiya. Ni abin da na samu shi ne lamba 13.4 a bayan littafin tsarin sauti.

Cikin makonnin hutun dole na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko, wato na karanta yadda wasan yake aiki, na zauna na yi lissafi. Duniyar Minecraft tana tafiya ne da bugu 20 a sakan, kowane bugu milisakan 50. Idan aka sari ɗan wasa, yakan sami kariya ta bugu 10, wato rabin sakan, kuma duk wani sara mai ƙarfi ɗaya da na farko da ya sauka cikin wannan lokaci ba ya yi masa rauni. Ke nan sara biyu kacal ke ci a sakan, ko da mutum ya danna sau talatin. Babban amfanin yawan dannawa shi ne kada a daɗe ba a kai sara ba bayan kariyar ta ɗauke, sai kuma ɗan rage nisan da ake ture mutum idan an sare shi. Mai danna 6 a sakan, ratar da ke tsakanin dannawarsa milisakan 167 ce, mai 12 kuwa 83. Tun da a tsakaice rabin ratar ake jira, mai 12 ya riga mai 6 da wajen milisakan 40. Daga 12 zuwa 16 kuwa, ribar ba ta wuce milisakan 10 ba. A kan wannan goma ɗin nake neman sayar da hannuna.

Akwai kuma wani lissafi da ya fi wannan ban haushi. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da fagen da nake shiga suna Amurka ne, nisan da ya kusa kilomita 10,000 daga Kano. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar wajen kilomita 200,000 a sakan. Ko da a ce waya ta miƙe sak daga shagon yayana zuwa can, saƙo zai ci milisakan 50 zuwa, 50 dawowa. To, ba ta miƙe ba, sai ta gangara bakin teku ta bi ƙarƙashin ruwa ta zagaya. Lambar da nake gani a gefen sunana takan kai 200 ko ta wuce. Wato abin da nake gani a fuskar kwamfuta ya riga ya wuce, abokin karawata ya bar wurin da nake kai masa sara. Mai irin wannan nisa, abin da zai cece shi shi ne ya karanci tafiyar abokin gaba, ya sa kibiya inda zai je. Yaron maƙwabtanmu abin da yake yi ke nan ba tare da ya san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ba.

Lissafi ya gamsar da kaina, amma zuciyata ba ta saki ba, domin nakan ji yatsana yana motsi shi kaɗai a kan cinyata. A hutun ƙarshen zango na je gaida kawuna, wanda ya yi shekaru fiye da talatin yana hawa a tawagar wani hakimi. Na same shi da hantsi a bakin turke yana ba dokinsa harawa, bayan sun dawo daga kilisa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ga ɗaurin hannu ya ce, "Ɗana, faɗuwa ka yi a babur?" Na ce, "A'a, Kawu, Allah Ya ƙara maka lafiya, abin kunya ne." Na kwashe labari na ba shi, ina ta fama da yadda zan bayyana masa na'urar. Ya ce, "Me ka ce sunan abin?" Na ce, "A Hausance linzami ake ce masa."

Ya yi dariya har sai da ya dafa turke. Sannan ya ce, "To ai wanda ya raɗa masa suna ya gama yi maka gargaɗi, kai ne ba ka ji ba. Ka taɓa ganin an sa doki gudu da linzami? Ƙaimi ke sa gudu, kuma kowane yaro da ya sami ƙaimi zai iya sa doki ya zabura. Ranar hawa, idan an zo jafi, ka ga mun sako dawaki a guje mun nufi Sarki, me jama'a suke jira su gani? Suna jiran su ga wanda zai zame dokinsa daidai inda ya kamata, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Wanda ya wuce wurin da taki biyu ya ji kunya, kome gudun da ya yi. Kuma mahayin da ya ɗaure hannu yana fizgar linzami, bakin dokinsa zai yanke, dokin kuma ya daina jin maganarsa. Hannu sake ake riƙe shi." Ya juya ya ci gaba da ba doki harawa, kamar bai faɗi kome ba.

A hanyar komawa gida na yi ta juya maganar nan, sai na ga harshenmu ya riga ya rarrabe abubuwan da na cakuɗa. Sauri shi ne yawan motsi cikin ɗan lokaci, kuma shi kaɗai gwajin Kohi yake iya aunawa. Hanzari kuwa shi ne yin abu a kan kari ba tare da nawa ba, shi ya sa Bahaushe yake cewa wani hanzari ba gudu ba. Gaggawa da garaje su ne saurin da ya tsere wa hankali, kuma a kansu aka ce sauri ya haifi nawa. Fage hanzari yake nema, ni kuwa na yi wata shida ina tara sauri har ya rikiɗe ya zama garaje. Masana ma sun daɗe da tabbatar da wannan ta hanyarsu. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa ya danganta ne ga nisan abin da kuma girmansa, wato gwargwadon ƙanƙantar abin, gwargwadon natsuwar da hannu yake bukata.

Na kuma gane dalilin da ya sa lambar ta ruɗe ni. Saiti da karanta abokin gaba suna da wuyar aunawa, dannawa kuwa cikin sakan 10 za a ba ka sakamakonta har da ɗigo. Abin da ke da sauƙin awo shi ne ke saurin zama buri. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya yi nuni a 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin da ake kora, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a hannun mai awon da ya buga gindin mudunsa ya san haka. Ba zan ɓoye wa 'yan'uwana ɗalibai ba, na hango kaina a wani wurin ma: sau nawa muke haddace abin da zai kawo maki mu bar abin da zai sa mu iya harshen da muka zo koyo?

Ban bar wasa ba, kuma ba na cewa a bar awo, domin wanda bai auna ba ba zai san inda yake ba. Ga dai yadda nake yi yanzu, ko wani zai amfana. Nakan yi gwajin sakan 10 sau biyar, sau ɗaya a mako, in rubuta lambar tsakiya in bar mafi girma, domin ita mafi girma sa'a ce. Nakan zauna yadda gwiwar hannu za ta huta, wuyan hannu ya miƙe bai lanƙwashe sama ba, yatsa kuma ya zauna a kan maɓalli ba ya ɗagawa sama da yadda ake bukata. Ta wannan hanya kaɗai, ba tare da ɗaure damtse ba, na zauna a kan 8. Sauran lokacin nakan ba da shi ga bin abu mai motsi da kibiya ina dannawa a natse, sannan in nemi fagen da ke Turai, wanda ya fi kusa da mu. Bayan kowane rabin sa'a nakan tashi in miƙe yatsu. Idan na ji ko da alamar zafi, wasan ranar ya ƙare. Yaron maƙwabtanmu har yanzu yana cina, amma yanzu cikin goma nakan ƙwaci huɗu, wani lokaci biyar.

Littafin tsarin sautin nan yana nan a akwatina. Gabansa bayanin baƙaƙe da wasula ne, bayansa layukan lambobi daga 6.3 zuwa 13.4, kuma rubutun yana ƙara karkacewa gwargwadon yadda lambar take hawa. Ban san ko wane ne ya fara kiran wannan na'ura linzami ba, amma ina yi masa addu'ar alheri, domin ya yi wa fassara adalci. Ina kuma roƙon duk wanda yake da ƙane ko ɗa da ke kwana a gaban kwamfuta ya riƙa duban hannunsa, ya tambaye shi tun kafin kunya ta hana shi faɗa. Allah Ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.